Gishiri, Albaras da Sanyi: Tarihin Sunayen Cututtukan Fatar Gaban Mace a Ƙasar Kwantagora

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu cututtuka da ke kama fatar da ta kewaye bakin farjin mace, waɗanda ba sankara ba ne, kuma ba ta hanyar saduwa ake ɗaukar su ba, amma sukan zaune wa mace shekara da shekaru. Alamarsu ta farko ita ce ƙaiƙayi mai tsanani wanda ya fi tashi da dare. Daga nan sai fatar ta sauya kama, ko dai ta yi fari fat ta yi shara-shara kamar takardar da aka cukuikuye, ko kuwa ta yi kauri ta yi duhu saboda yawan susa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun sunayen da aka riƙa kiran waɗannan cututtuka da su a ƙasar Kwantagora da sauran ƙasar Hausa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, sannan ta kwatanta su da sunayen da likitocin Turai suka yi ta sauyawa a tsawon wannan lokaci. Abin da ya sa batun ya shafi manazarta harshe shi ne, a nan suna ne ke zaɓa wa majiyyaciya mai magani. Idan aka ce gishiri ne, wanzami za a kira. Idan aka ce albaras ne, maganar tana iya kaiwa gaban alƙali. Idan kuwa aka ce sanyi ne, sai a aika yaro kemis.

2.0 Kwantagora da Harshenta

Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa wannan masarauta. An ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa garin Kwantagora a 1864, ya rasu a 1876. Ƙasar da ya mallaka ta Kambari ce da Dukawa da Kamuku da Gwari da maƙwabtansu, kowace al'umma da harshenta. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, ya shahara da kai hare-hare har cikin ƙasar Zazzau, kafin Turawa su ci garin a farkon 1901. An mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin ɓarnar da mayaƙan Mai Sudan suka yi a yankinsu, kuma littafin nata yana cikin 'yan kaɗan da aka ji muryar Bahaushiya tana magana a kan aure da haihuwa da jego da bakinta.

Waɗannan yaƙe-yaƙe sun tara mata masu harsuna daban-daban a cikin gida ɗaya. A iya cewa Hausa ce ta haɗa su, don haka a cikinta aka riƙa yin ƙorafin ciwo, da ita kuma ungozoma ta riƙa ba da umarni. Har yau idan Bakambariya daga Auna ko Nasko ta je asibiti a Kwantagora, yawanci da Hausa za ta yi wa ma'aikaciyar jinya bayani, ita kuma ta rubuta da Ingilishi. Ke nan ciwon kan ratsa harsuna uku kafin ya isa takarda.

Matsala ta farko tana ga sunan wurin kansa. Hausa tana da kalmarta ta asali wadda ƙamusoshi suka kawo, amma ta daɗe da zama batsa, mai mutunci ba ya furta ta. A madadinta sai aka ari farji da al'aura daga Larabci, aka kuma yi sakaye da gaba da matanci da ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta bambance fatar waje da hanyar ciki, alhali a wajen likita wannan bambanci shi ne mabuɗin gane cutar, domin babbar cikinsu a fatar waje kaɗai take tsayawa, ba ta shiga ciki. Matar da ta ce gabanta ke yi mata ƙaiƙayi ba ta faɗi ƙarya ba, sai dai mai sauraro yakan ɗauka ciki take nufi, ya ba ta maganin cusawa.

Wani abin lura kuma, Hausa ba matalauciya ba ce ta fuskar sunayen cututtukan fata. Akwai ƙazuwa da makero da ƙyasfi da kirci da borin jini da tunjere da kuturta, kowanne da kamanninsa. Amma da zarar ciwon ya sauka ƙasan cibiyar mace, sai wannan ƙwarewa ta kau, kunya ta karɓi wurinta. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 maza ne suka tattara su daga bakin malamai maza, saboda haka abin da ya shiga cikinsu na sha'anin mata shi ne wanda ya tsallako zaure.

3.0 Sunayen da Aka Gada

3.1 Gishiri

Gishiri a nan suna ne na wata lalura da aka yi imani tana toshe ko tana ƙuntata gaban mace. Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi ya kuma fitar da littafinsa kan magungunan Hausawa a 1988, ya yi bayaninta gwargwado. Abin da ya fi jan hankali a kanta shi ne faɗin ma'anarta. Doguwar naƙuda gishiri ce. Zafi lokacin saduwa gishiri ne, haka ma ɗaukewar al'ada da rashin haihuwa da wahalar fitsari da ƙaiƙayin gaba. Amaryar da ta ƙi miji ma akan ce gishiri ke damun ta. Maganin duka ɗaya ne, wato yankan gishiri: wanzami ko ungozoma su sa aska ko reza su tsaga bangon farji, galibi ta sashen gaba, jini ya zuba, a ce an fitar da cutar. 'Yar'uwar wannan al'ada ita ce cire angurya da ake yi wa jarirai mata a kwanakin farko, sunan kuma an ɗauko shi ne daga ƙwayar auduga saboda kamannin ɗan naman da ake cirewa.

Mai nazari zai iya ganin yadda waɗannan cututtukan fata suka faɗa cikin wannan babban buhu. Wadda ta fi tsanani a cikinsu takan fi kama mata iri biyu: yarinyar da ba ta balaga ba, da matar da al'ada ta ɗauke mata. Fatar takan yi fari kamar an barbaɗa wani abu, takan tsage, idan aka daɗe ba magani sai ta yi tabo, ƙananan leɓɓan su shafe, ƙofar ta tsuke har saduwa ta gagara. Fari da tsukewa da zafin saduwa, duk wanda ya tashi cikin wancan tunani ba zai kira wannan da wani suna ba sai gishiri. A ganin marubucin wannan maƙala, ungozomomin da ba makafi ba ne, sun ga abin da ke akwai. Kuskuren yana ga fassarar da sunan ya ɗora wa abin da suka gani.

Aska kuwa ƙara ta'azzara abin take yi. Tun a shekarun 1870 likitan fata Heinrich Köbner ya lura cewa wasu cututtukan fata sukan tsiro a daidai inda aka ji wa fatar rauni, wannan cuta kuma tana cikinsu. Ke nan tsagar da aka yi don a buɗe hanya takan warke da sabon tabo, hanyar ta ƙara tsukewa, a sake kiran wanzami. Idan hannunsa ya zarce kuma, ya huda mafitsara. Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983, inda ya nuna kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu.

3.2 Albaras

Wannan kalma daga Larabci ta zo, kuma ta hanyar karatu ta shigo. Duk mai sauraron tafsiri ya san ta cikin mu'ujizojin Annabi Isa, Alaihissalam. A Hausa tana nufin farin tabon da ke fitowa a fata, kuma a tunanin jama'a ƙanwar kuturta ce.

Nauyinta na gaskiya a fiƙihu yake. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowace makarantar zaure, ta kawo aibobi huɗu da ake iya mayar da mace saboda su: hauka da kuturta da albaras da cutar farji. Muhtasar na Halil ya ƙara rarrabe cutar farjin, ya ambaci toshewa da tsiro da haɗewar hanyoyi biyu da sauransu. Waɗannan littattafai su ne madogarar alƙalan daular da Kwantagora ta fito daga cikinta. To, a dubi halin yarinyar da ta kamu da wannan cuta tun tana ƙarama, aka yi mata aure ba wanda ya sani. Farin da ke jikinta yana iya shiga babin albaras, tsukewar kuma ta shiga babin toshewa. A baƙar fata farin yakan fito ƙarara fiye da yadda yake a jikin Baturiya, har ƙwararren likita ma yakan rikita shi da albaras na ainihi, wanda shi ba ya ƙaiƙayi, ba ya tabo, launi kawai yake ɗaukewa. Malaman fiƙihu sun yi hukunci bisa ilimin likitancin zamaninsu, kuma sun gindaya sharuɗɗa, daga ciki har da cewa aibin ya riga ɗaurin aure kuma an ɓoye shi. Amma tsakanin uwar miji da kishiya ba a bin sharuɗɗan Muhtasar. Kalmar kaɗai ta isa ta sa mace ta ɓoye ciwonta har tsufa.

Shugabannin jihadi ba su yi sakaci da ilimin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda baffan Umaru Nagwamatse ne, ya yi rubuce-rubuce kan basur da ciwon ido, kuma Bunza a kundinsa na 1995 kan magungunan Hausa a rubuce ya nuna zurfin wannan gado. Sai dai abin da ya shafi cikin ɗaki yana hannun tsofaffin mata, iliminsu kuma na baka ne. J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka da ya tattara tsirrai a ƙasar Kwantagora a farkon ƙarni na 20, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. A ciki za a tarar da bagaruwa da marke da sabara, irin itatuwan da mata ke dafawa su zauna a ruwansu. Bagaruwa dai da ita majema ke jeme fata. Tana tsotse danshi, tana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma fatar da ta riga ta bushe ta tsage ba abin da take buƙata ke nan ba.

4.0 Yadda Likitocin Turai Suka Yi Ta Sauya Suna

Kada a ɗauka Hausawa kaɗai suna ya ɓatar. A 1877, shekara ɗaya bayan rasuwar Umaru Nagwamatse, Schwimmer ya ƙirƙiro kalmar lukofilakiya, wato farin faci, don wani tabo na cikin baki, daga baya aka jawo ta zuwa gaban mace. A 1885 Breisky ya zo da kurorosis, daga kalmar Girkanci mai nufin bushewa. A 1887 Hallopeau ya bayyana cutar a Faransa a matsayin cutar fata, Darier kuma ya duba ta da madubin likita a 1892. Daga aikin waɗannan biyu aka samu sunan da ya tsira har yau, laiken sikilirosus, wanda asalinsa kwatance ne da farin tsiron nan da ke manne wa dutse da bawon itace, haɗe da kalmar da ke nufin tauri. Ke nan likitocin mata suna kiran abu da suna biyu, likitocin fata suna kiran sa da na uku, kowa yana zaton cutarsa daban.

Lukofilakiya ita ta fi yin ɓarna, domin an ɗauke ta a matsayin share fagen sankara. Taussig a Amurka ya yi ta kira a shekarun 1920 da 1930 da a yanke fatar wurin gaba ɗaya tun kafin sankarar ta fito, aka kuwa yi wa mata da yawa haka. Sau da yawa cutar ta dawo a gefen ɗinkin. Idan aka ajiye maganin sa barci da tsabtar ɗakin fiɗa a gefe, hujjar wannan likita da ta wanzamin Kwantagora ba su da nisa da juna: an ga fari, an ba shi suna mai ban tsoro, sunan ya kira wuƙa.

A shekarun 1960 Jeffcoate na Libaful ya ga rikicin ya yi yawa, ya kawo shawarar a tattara su duka ƙarƙashin distirofi. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu nazarin waɗannan cututtuka, wadda aka kafa a 1970, ta karɓi wannan a 1976 ta yi watsi da kurorosis da lukofilakiya. A 1987 ta sake zama ta jefar da distirofin ma, ta koma cewa cututtukan fata ne waɗanda ba sankara ba, kowace a kira ta da sunan da likitan fata ya san ta da shi. Shekara huɗu bayan haka, a 1991, wata likita mai suna K. L. Dalziel da abokan aikinta a Ingila suka nuna cewa man shafawa mai ƙarfi na kulobetasol yana kwantar da cutar cikin mako 12. Sunanta ya zo ɗaya da na mai tattara tsirran Kwantagora, dacewa ce kawai. Kafin wannan lokaci ana tsoron shafa irin wannan mai a wurin, saboda tsohon sunan cutar yana ɗauke da ma'anar fatar da ta riga ta sirance, aka ɗauka man zai ƙara cinye ta.

Abin da aka tsaya a kai yanzu shi ne, garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi fatar, shi ya sa akan same ta tare da ciwon maƙoƙo na irin wannan asali. Ba a warkewa ɗungurungum, amma ana riƙe ta. Haɗarin rikiɗewa zuwa sankara bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wani bincike da aka buga a 2015 kan mata 507 a Ostareliya ya nuna cewa cikin waɗanda suka dage da shafa magani yadda aka umarce su, babu wadda abin ya rikiɗe mata.

5.0 Zamanin Asibiti da Kemis

Asibitin mishan na Baftis da aka buɗe a Kwantagora wajajen 1960, da asibitocin gwamnati da suka biyo baya, sun zo ne a lokacin da littattafan likita ke cike da waɗancan tsofaffin sunaye. Ba a fassara ko ɗaya daga cikinsu zuwa Hausa ta yadda ya zauna a bakin jama'a ba. Kalmar da ta cike giɓin ita ce sanyi. A tunanin Bahaushe na da, sanyi abu ne da ke shiga jiki daga damina da danshi ya haddasa ciwon gaɓoɓi, sannan ciwon sanyi ya zama sakayen cutar nan ta saduwa mai sa fitar mugunya. Yau kuwa sanyin mata ya haɗiye kome: ƙaiƙayi da farin ruwa da ciwon mara da jinkirin haihuwa. Masu tallar magani a rediyo da lasifikar kasuwa sun ƙara masa da infekshan, wanda wai a masai ake ɗauka. A iya cewa sanyi ya gaji gishiri a faɗin ma'ana, sai dai shi allura da ƙwayoyi yake kira maimakon aska. Yana kuma tafe da zargi, domin wadda aka ce tana da sanyi za ta tambayi kanta wa ya sa mata, mijin ko kishiyar, alhali cutar da ke jikinta ba a ɗaukar ta daga kowa.

A ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai aƙalla abubuwa uku ban da wadda aka yi bayani a sama. Akwai kaurin fata da susa ke haifarwa, inda zafi da gumi da sabulu mai ƙarfi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta ke tayar da ƙaiƙayi, susa ta kaurara fatar, kaurin ya ƙara ƙaiƙayin. Yawan wanki da mace ke yi don ta rabu da abin shi ke ciyar da shi. Akwai kuma tsargiya. An san ta da cutar yara maza masu wanka a rafi suna fitsarin jini, amma ƙwan tsutsar yakan maƙale a fatar gaban mace ya yi ƙuraje masu kama da na cutar saduwa. Wannan ya shafi garuruwan masarautar da ke gaɓar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, maganinta kuwa ƙwayar furazikwantel ce da ake raba wa 'yan makaranta.

Na ukun shi ne ƙunar fitsari a jikin masu yoyo. Fatar da ta kwana ta wuni cikin fitsari takan saɓule ta yi gyambo ta yi kauri, kuma da yake mai yoyo takan rage shan ruwa don ta rage zuba, sai fitsarin ya ƙara ƙarfi ya ƙara ci. A nan yankan gishirin da aka yi don ƙaiƙayi ya haifar da wani ƙaiƙayin da ya fi na farko. Kees Waaldijk, wanda ya zo Babbar Ruga ta Katsina a matsayin likitan kuturta ya koma gyaran yoyon fitsari daga 1984, ya shigar da kalmomin majiyyatansa cikin rubuce-rubucensa yadda suke, irin su yankan gishiri da ba hanya. A Kwantagora kuwa, zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, daga 2015 zuwa 2023, uwargidansa Dokta Amina Abubakar Bello, wadda likitar mata ce, ta riƙa shirya aikin gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin garin ta hannun gidauniyarta. A 2015 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta sa hannu kan dokar da ta haramta kaciyar mata, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe da lissafa yankan gishiri da cire angurya a cikin nau'i na huɗu na wannan kaciya. Yoyon fitsari dai ya samu suna na Hausa wanda kowa ya gane, kuma samun sunan ya taimaka wajen fito da masu shi daga ɗaka.

Aikin ƙirƙirar kalmomi da ya haifar da littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa na Ɗalhatu Muhammad a 1990 ya fi karkata ga nazarin harshe da adabi. Idan za a yi irinsa a wannan fanni, marubucin wannan maƙala yana ganin kirci ya fi cancanta a gina a kansa, tun da Bahaushe ya riga ya san shi da ciwon fata mai ƙaiƙayi da naci, ba ya kuma jingina shi da alfasha. Sai a ce kircin gaba ga mai kauri da duhu, farin kircin gaba ga wanda ke sa fari da tabo. Cikas ɗin da ke akwai shi ne makiyaya ma suna kiran wata cutar fatar shanu da wannan suna, wadda ita tana yaɗuwa a garke da damina, kuma a ƙasa irin Kwantagora mai yawan Fulani wannan ma'ana tana kusa da kunne. Saboda haka kafin a sa kalmar a ƙamus, ya kamata a fara gwada ta a bakin ungozomomi da ma'aikatan jinya mata na Kwantagora da Rijau da Mariga, a ji abin da majiyyaciya za ta fahimta idan an faɗa mata.